Kafin Adaka Ta Ce An Ajiye

Na-Goggo,

Babbar Likita ta dakatar da Adaka, manhajarmu ta ajiye bayanan marasa lafiya. Tun ranar Litinin asibiti ya koma kati da biro, kwamfutar ɗakin jinya kuma an lulluɓe ta da zane kamar keken ɗinkin da mai shi ya yi tafiya.

Na sa labari gaba da gaisuwa, halin tsohuwar 'yar jarida ne, ka yi haƙuri. Ina fata kana lafiya, karatu kuma na tafiya daidai. Babanka lafiya lau, sai ƙafar nan da ke damunsa in ya daɗe a zaune. Ƙannenka na gaishe ka. Ni ma ƙalau nake, in ban da jinina da ya hau, kuma yanzu za ka ji dalili.

Akwai wata tela da ke zuwa asibitinmu, mai ciwon sikila. A zuwanta na baya an ƙara mata jini, jikinta ya ƙi shi, sai da aka sha wuya kafin ta dawo daidai. Bayan an gama, Sista ta zauna ta shigar da gargaɗi a kwamfuta: kada a sake ƙara wa wannan mata jini sai an yi mata gwaji na musamman. Ta danna. Adaka ta ce mata "An ajiye." Sista ta miƙe, ba ta kai bakin ƙofa ba aka ɗauke wuta.

Makon jiya telar ta dawo. Wani sabon likita ne a bakin aiki. Ya nemi sunanta, tarihinta ya fito tsaf, babu gargaɗi. Har an aika a ɗauko jini. Matar tana kwance, da kyar take magana, ta ce, "Likita, ka ga abin da Sista ta rubuta kuwa? Ta ce min ta rubuta." Wannan tambayar ce kaɗai ta tsaya tsakaninmu da abin da ba na son rubutawa.

Bari in tuna maka abin da muka gina Adaka a kai, tunda alama ta nuna ka manta. Da na bar gidan jarida na kama aikin adana bayanai a asibitin nan, ni da kai muka zauna a teburin falona, kai kana hutun makaranta, muka ce ba ma son ƙaton rumbun bayanai mai buƙatar intanet da injiniya a gindinsa. Muka ce ɗan ƙaramin laburare ya isa, wato 'yar guntuwar manhaja wadda babbar manhajar asibiti za ta riƙa kira. Fayil ɗaya. Aiki biyu: ajiye da nemo. Sabon bayani a ƙarshen fayil ake ɗora shi, ba a goge tsoho, ko gyara ne sai dai ya shiga a matsayin sabon layi, yadda jarida ke buga gyara ba ta kankare bugun jiya. Sai sharaɗi na uku, wanda na sa ka maimaita da bakinka: Adaka ba ta cewa an ajiye sai faifan ajiyar kwamfuta ya amsa cewa rubutu ya zauna.

Da bayanai suka yi yawa nema ya fara nawa, na roƙe ka ka gyara. Ka aiko sabuwa mai fihirisa. Na yaba, na ɗora ta a asibiti. Jiya na jera tsohuwa da sabuwa ina bin su layi-layi yadda nake bin shafin farko kafin ya tafi injin bugu. Fihirisar ta yi kyau, ba ni da ta cewa. Amma layin da ke jiran amsar faifai babu shi. Ba ɓata ya yi ba, cire shi aka yi, har an bar ɗan sharhi a gurbinsa: "wannan ne ke jan lokaci."

Tambayata ɗaya ce. Me ya sa ka cire shi, kuma me ya sa ba ka faɗa min ba? To, sun zama biyu. Ka amsa duka.

Goggonka

*

Malam Injiniya,

Gaisuwa. Kowa lafiya a nan, har da telar, an sallame ta.

Na duba akwatin saƙona har ya gane ni. Shiru. Na san wuta ba ta ɗaukewa a inda kake, don haka ba zan ɗora wa wuta laifi ba.

Likita ta kira ni ofishinta. Wani kamfani ya kawo mata tayin nasa tsarin, da 'yan takardu masu sheƙi. Nasu ba ya motsi sai da intanet, kai kuwa ka san intanet ɗinmu baƙo ne, yakan leƙo ya gaisa ya wuce. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Hajiya, gara wanda zai ce min ba zan iya ba, da wanda zai ce min na yi alhali bai yi ba." Da ni ce a kujerarta, abin da zan faɗa ke nan. Ta ba ni zuwa zaman hukumar asibiti na gaba in nuna mata dalilin da zai sa ta sake yarda da Adaka.

Babanka ya tambaye ni me ya hana ni cin abinci, na faɗa masa.

Goggonka

*

Goggo,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da kowa da kowa. Allah ya ƙara wa telar nan lafiya. Wallahi da na karanta labarinta sai da na nemi wuri na zauna.

Ba share ki na yi ba. Na je taron masana ne a wani gari, na rufe akwatin saƙo don in shirya jawabina. A tashar jirgi, ina hanyar dawowa, na buɗe na tarar da wasiƙunki biyu, da kiran Baba da ban san adadinsu ba. Da na kira shi ko gaisuwata bai amsa ba, ya ce, "Kai ne ka share wa asibiti marasa lafiya?" Na ce Baba ba haka ba ne. Ya ce, "Kwamfuta dai ba ta mantuwa, sai in an sa ta." Ya kashe waya. Goggo, wannan magana ce ta aiki tsakanina da ke. Me ya kai ta gaban mutumin da har yau ni ke sa masa lambobi a waya?

Yanzu ga amsa, kuma ki yi haƙuri da ni in na faɗi gaskiya.

Na cire layin, ban musa ba. Amma ki koma wasiƙarki ta wancan lokaci. Ga abin da kika rubuta, na kwafo shi yadda yake: "Ka sa ta yi sauri ko ta wace hanya, Sista na tsaye mutane na layi." Ko ta wace hanya, Goggo. Ba ni na rubuta ba. Na auna na ga inda lokaci ke tafiya. Nema yana nawa don sai an karanta fayil daga farko har ƙarshe, na yi masa fihirisa ta suna da rukunin jini da rana. Ajiyewa kuma yana nawa don kowane bayani sai an tsaya jiran faifai, kamar mai rakiyar kowace wasiƙa har gidan waya. Na cire jiran, sauri ya ninka ninkin ba ninkin.

Kuma ba haka kawai na cire ba. Na gwada. Na rubuta wata 'yar manhaja da ke tsinke Adaka tana tsakiyar rubutu, ba sallama ba gargaɗi, ta sake tayar da ita, ta ƙirga. Na bar ta tana yi yini guda. Ko bayani ɗaya bai salwanta ba. Na ma rubuta miki a lokacin cewa na gwada katsewa kuma ta tsallake. Sakamakon nan shi na kai taro. Farfesan da ke duba kundin digirina ya ce shi ne ƙashin bayan babi na huɗu. Mutane sun tafa min, Goggo. Ban ce tafi hujja ba ce, amma ba yara ne a zauren ba.

Saboda haka kafin a rataye ni, a duba wasu wurare. Sista ta tabbata ta danna? Mutum a gajiye yakan ga abin da yake so ya gani. Sannan ina batirin da ke riƙe wa kwamfutar wuta in an ɗauke? Na san akwai shi, ni na haɗa shi da hannuna kafin in taho. In ya mutu ba a sauya ba, wannan ba laifin laburare ba ne. Babu injiniyan da zai gina gada sannan a zarge shi don an bar kogi ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Abu na ƙarshe. Abin da na aiko miki na gwaji ne, na kundina. Ban ce ki ɗora a kan marasa lafiya ba. Ke da kika koya min cewa ba a buga labari da majiya ɗaya, me ya sa ba ki gwada da kanki ba?

Na san za ki ce na yi rashin kunya. Ban yi niyya ba. Amma an kira ni maƙaryaci a gaban mahaifina, ni kuma ban yi ƙarya ba.

Naki,
Na-Goggo

*

Na-Goggo,

Na sami wasiƙarka, na gode. Lafiya lau muke. Babanka ya ce in faɗa maka bai kashe maka waya ba, cajinta ne ya ƙare. Ka ɗauki wanda ka ga dama.

Ban kira ka maƙaryaci ba. Adaka na kira maƙaryaciya, kuma a yanzu haka take. Bari mu bi maganganunka ɗaya bayan ɗaya.

Sista. Na karanta mata layinka. Tana ɗaure da safar hannu, ta cire ɗaya a hankali ta ce, "Ki ce wa yaron nan tun yana rarrafe nake danna maɓalli. In ya dawo ya zo in yi masa allura, ya ga ko hannuna na kuskure." Ban da haka, telar da kanta ta ga rubutun a allo, shi ya sa ta yi tambaya. Majiya biyu ke nan.

Batir. Ya mutu tun bara. An rubuta a sauya, ba a sauya ba, kuma ko an sauya wani zai mutu. Ba mu gina Adaka don asibitin da komai nasa ke aiki ba. Irin wannan asibitin yana da kuɗin sayen na kamfani. Mun gina ta ne don ɗakin da fanka ke tsayawa ana tsakiyar magana, janareta kuma sai mai gadi ya gama abin da yake yi. Gadarka ta burge ni, sai dai mu tun farko a cikin kogin aka ce mu gina.

"Ko ta wace hanya." Ni na rubuta, kuma da wani ɗan rahoto ya kawo min wannan jimlar da na mayar masa. Amma in na aike ka kasuwa na ce ka dawo da sauri ko ta wace hanya, ban ce ka zubar da kayan a titi don ka ji sauƙin gudu ba.

Yanzu gwajinka, wanda shi ne gundarin maganar. Na yarda ka yi shi, na yarda ya tsallake. Ka dai gwada abin da ba shi ke faruwa da mu ba. In Adaka ta rubuta bayani, ba faifai take ba wa kai tsaye ba. Uwar manhajar kwamfuta take miƙa wa, ita kuma ta riƙe a ƙwaƙwalwa, ta ce "na karɓa," sai ta ga dama ta sauke a faifai. Masinja ke nan da ya karɓi wasiƙa ya sa a aljihu. Kai ka yi yini guda kana kashe marubuci. To, marubuci ya mutu, masinja na nan da ransa, ya isar da wasiƙa, ka ƙirga ka ga ba abin da ya ɓata. Ɗaukewar wuta kuwa ba ta zaɓe. Marubuci da masinja da aljihun duk tare take kwashewa. Layin da ka cire shi ne mai riƙe rigar masinja ya ce ba inda za ni sai ka dawo ka ce ka kai.

Ba ka ga haka ba don kwamfutarka ta cinya ce, da batirinta a ciki, a ƙasar da ka ce min tun zuwanka ba ka ga ƙwan lantarki ya yi ƙyafta ba. Masu tafa maka ma haka. Na tabbata ƙwararru ne. Na kuma tabbata babu wanda a cikinsu ya taɓa ƙarasa ɗinkin rauni da fitilar waya.

Kan cewa ban gwada da kaina ba, ka yi gaskiya. Ka rubuta "na gwada katsewa," ni kuma a nan katsewa iri ɗaya muka sani, ban tambaye ka wace iri ba. Likita ta riga ka faɗa min, da kalmomin da suka fi naka kaifi.

Ga abin da ya fi ci min rai. Ba mu san bayanai nawa suka tafi ba. Fayil ɗin lafiyarsa lau, ba rami ba tabo. Abin da bai isa faifai ba bai bar sawu ba. Duk ranar da aka ɗauke wuta tun da na ɗora sabuwar, abin da aka shigar dab da ɗaukewar yana iya kasancewa babu shi. Ni da Sista muna bin mutane a waya muna tambayarsu abin da aka yi musu. Wani tsoho ya ce min, "Ku da kuka rubuta ba ku sani ba, sai ni da aka yi wa allura ina runtse ido?"

Ka nemi kwamfutar tebur, marar batir. Ka sa Adaka tana rubutu. Ka kama wayar wuta ka fizge daga bango. Kafin ka yi wannan, kada ka sake aiko min da komai.

Goggonka

*

Na-Goggo,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya, tunda ba ni da hanyar sani.

Babanka ya ce kun yi waya, kun yi hira har ta ƙwallo, amma da ya ce ga Goggonka sai ka ce ai Goggo ta hana ka yi mata magana. Manhaja na ce kada ka aiko, ba gaisuwa ba. Na goya ka a bayana kana min fitsari ban kore ka ba, sai a kan layi ɗaya?

Hukuma za ta zauna mako mai zuwa. Mutumin kamfani ya sake zuwa, wannan karon da kalanda da biro masu tambarinsu. Na mayar da layin jiran da kaina, amma sai ajiyewa ta koma tafiyar hawainiya, har ta fi ta farko nawa, don yanzu fihirisarka ma sai an jira ta. Ba zan iya kai wannan gaban Likita ba. In kana da abin faɗa, lokacinsa ke nan.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma neman afuwa kan shirun. Na karanta "kada ka sake aiko min da komai" na ɗauke shi komai. Lafiyata ƙalau, sai mura da ta kama ni a ɗakin ajiyar tarkacen sashenmu, inda na je neman kwamfutar da kika ce.

Na samo wata tsohuwa a ƙarƙashin tulin allunan da suka mutu. Mai kula da ɗakin ya tambaye ni me zan yi da ita, na ce wutarta zan riƙa fizgewa. Ya dube ni ya ce in sa hannu cewa lafiyata ƙalau.

Na yi niyyar in gwada ne don in aiko miki da sakamako ki ji kunya. Na sa Adaka tana rubutu, wata kwamfutar a gefe tana lissafa duk bayanin da aka ce an ajiye. Na fizge waya. Na mayar, na kunna, na gwama. A fizgar farko, Goggo. Ba ta biyu ba. Duk abin da ta karɓa dab da fizgar babu shi, kuma kowanne ta ce an ajiye. Na sake, na sake. Wani karon ma ta bar rabin bayani a ƙarshen fayil, suna ba rukunin jini, fihirisa kuma na nuna wurin da babu kowa.

Na kai wa Farfesa. Ya duba ya ce abin sha'awa ne, in sa shi a 'yar ƙaramar sanarwa a ƙasan shafi cewa sakamakon ya dogara da tsayayyiyar wuta, babi na huɗu ya zauna yadda yake. Na ce masa akwai matar da ta kusa mutuwa a ƙasan shafin nan. Ya ce kada in sa zuciya a kimiyya. Ban san na iya ɗaga murya da harshen mutanen nan ba sai ranar. Babi na huɗu dai ya rushe, ni na rushe shi, kuma kammalawata ta ja baya zuwa wani zangon. Ki faɗa wa Baba da kanki, tunda kin saba kai masa rahoto.

Ga yadda na sake gina ta, ki bi da jan bironki.

Na farko, jira ya dawo, kuma ba maɓallin kashe shi. Da na yi tunanin in bar zaɓi ga mai amfani, sai na tuna wani irina zai zo ya zaɓa.

Na biyu, fayil ɗin bayanai shi kaɗai ne gaskiya. Fihirisa ba a jiranta, ba a ma yarda da ita. Tana zaune a ƙwaƙwalwa, duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai a sake gina ta daga fayil. In wuta ta tafi da ita, ta tafi da abin da ba a rasa ba. Wannan zai cire nawar da kika gani. Kunnawa za ta ɗan ƙara jinkiri da safe, gwargwadon Sista ta rataye jakarta.

Na uku, kowane bayani yanzu yana da tsawonsa a gaba, da hatimi a baya, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa. In an kunna aka tarar da na ƙarshe guntu ne ko hatiminsa bai dace ba, a yanke shi, a kuma faɗa a allo da manyan baƙaƙe cewa akwai bayanin da bai kammala ba, a sake shigarwa. Ba a taɓa ce wa mai shi an ajiye ba, don haka ba a yi masa ƙarya ba.

Na huɗu, in bayanai da yawa suka zo tare, kamar sakamakon ɗakin gwaji, masinja ɗaya zai kwashe su a tafiya ɗaya. Kowa na jira, amma jira ɗaya. Ba ta kai saurin wadda aka tafa wa ba. Ta fi ta farko nesa ba kusa ba.

Na fizge wayar nan har soket ya yi baƙi. Ba ta rasa ko ɗaya daga abin da ta ce ta ajiye ba. Amma kada ki yarda da ni, majiya ɗaya ce. Kuma na karanta cewa akwai faifai masu arha da su ma kan amsa "na rubuta" tun ba su rubuta ba. In na asibiti irinsu ne, duk abin da na yi bai isa ba, sai an sauya shi. Ba a sanin haka daga nan. Sai a kan kwamfutar nan da ke ƙarƙashin zane, da faifanta, da bangonta.

Ki ba Sista haƙuri. Ki ce mata na yarda da allurar, amma a hannu.

Har yanzu ina ganin bai kamata ki faɗa wa Baba ba.

Naki,
Na-Goggo

*

Na-Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Ka sha magani, ka bar shiga ƙura. Babanka ya ji labarin zangon. Ya ce, "Wato shi ya kayar da kansa jarrabawa?" Na ce kusan haka. Ya ce a gidanmu ba a taɓa yin mai hankali daidai wa daida ba, ko ya yi kaɗan ko ya yi yawa.

Na bi sabuwar layi-layi. Na sami kuskuren rubutu a saƙon gargaɗinka, na gyara. Ban sami wani abu ba, kuma na nema da mugun nufi.

Ban kai wa Likita takarda ba. Na ce ta zo ɗakin jinya da ƙafarta. Muka yaye zane. Na kwafe fayil ɗin asibiti na ajiye gefe, na sa na gwaji. Sista ta zauna tana shigar da sunayen ƙarya, tana faɗa da ƙarfi duk wanda allo ya ce an ajiye, sabon likitan nan yana rubutawa a allon bango. Na miƙa wa Likita wayar wuta na ce duk lokacin da ta ga dama.

Ta ce, "Ni zan fizge?"

Na ce, "Ke ce ba ki yarda ba."

Ta fizge kamar mai cire haƙori. Muka kunna, muka gwama, duk suna nan. Ta ce a sake. A karo na gaba ta yi wayo, ta bari Sista ta ɗora yatsa a maɓalli sannan ta fizge. Da aka kunna sai ga gargaɗinka ya cika allo, akwai bayanin da bai kammala ba. Sista ta ce, "Yawwa. Ai ban ga an ajiye ba. Da ta ce min ta ajiye da yau na fasa ta." Muna cikin haka aka ɗauke wutar gaske, wayar na jikin bango, ba wanda ya taɓa ta. Likita ta yi dariya, karo na farko tun da abin nan ya faru. Da janareta ya tashi muka duba, wannan ma ta tsallake. In faifanmu na ƙarya, bai yi ta a gabanmu ba. Zan ci gaba da fizga kowace Asabar har in gaji da zarginsa.

Kada ka ɗauka an gama. Mun gano bayanai da suka ɓata na mutum huɗu, mun mayar. Akwai wata mai goyo da aka gani ranar wata ɗaukewar, lambarta ba ta shiga, Sista kuma na ganin kamar ta rubuta mata wani abu game da magani, ba ta tuna ko mene ne. Mun sa alama a sunanta, duk wanda ya buɗe zai ga a tambaye ta kafin a ba ta komai. Wannan nauyin ni da kai ne, kuma sabuwar Adaka ba za ta sauke mana shi ba.

Kan faɗa wa Babanka, na ji ƙorafinka, na ajiye.

Hukuma ta zauna jiya. Mutumin kamfani ya yi jawabinsa. Likita ta tambaye shi ko zai yarda ta fizge wayar tsarin nasu a gaban kowa, ya ce sai ya tuntuɓi ofishinsu. Da aka tashi ta same ni a baranda ta ce Adaka za ta koma aiki ranar Litinin, da sharaɗin a riƙa rubuta gargaɗin jini a kati ma, har ƙarshen shekara. Na ce na yarda, da ni ce ma da haka zan ce.

Da baki ta faɗa. Takardar na kan teburin shugaban hukuma, bai sa hannu ba tukuna. Zanen yana kan kwamfutar.

Goggonka